Kwanter ta ce mil 41,000: yadda za ka gane gaskiyar tahiyar tsohuwar motar Amurka kamin ka zuba kuɗɗi

Watan jiya ƙanen wani abokina ya iske ni garaji bayan la'asar, waya a hannu, jiki na rawa, ko gaisuwar kirki bai tsaya munka yi ba sai ya ce "Yaya dan Allah duba man wagga, wani dillali ne ya turo man daga Lome." Na amshi wayar na duba, Chevrolet Chevelle ce ta 1970, ja, da zane baƙi guda biyu bisa kafo, wallahi ko ni sai da na haɗiye miyau. Hoto na huɗu kwanter ce, wato agogon da ke ƙirga tahiyar mota, anka ɗauka kusa-kusa, 41,000 da 'yan kai, ƙasan hoton dillalin ya rubuta wai wani tsoho ne ya aje ta cikin garaji tun zamanin da, ko fita ba ya yi da ita sai ran Lahadi. Na ce mashi zauna tukun, a kawo maka shayi, don wanga labari na tsoho mai garaji na ji shi ya fi sau ashirin, kowace tsohuwar mota da ta sauka bakin ruwa tsoho ne mai ita kuma ba ya fita.

Abin da na gaya mashi ran nan shi ne zan rubuta a nan, tunda na ga yaran yanzu sun fara son irin waɗannan motoci da Amurkawa ke ce ma masul, wato masu ƙaton inji silinda takwas da anka ƙera daga 1964 lokacin da Pontiac GTO ta fito har zuwa wajen 1973 da matsalar fetur ta karya kasuwarsu. Su Chevelle, Dodge Charger, Plymouth Road Runner, Camaro, Mustang, Challenger da sauransu. Nan Maradi ba su da yawa, amma dabarun gane tahiyarsu kusan duk ɗaya ne da na tsofaffin Fijo da munka girma muna kwance ma inji, in ka iya wannan ka iya wancan.

Farko dai ka san abin da kake kallo. Kwanter ɗin, ko mita kamar yadda 'yan uwa na Katsina ke cewa, mil take ƙirgawa ba kilomita ba, kuma mil ɗaya kilomita 1.609 ne. To 41,000 ɗin nan kusan kilomita 66,000 kenan. Wannan ƙaramin abu ne. Babban abin shi ne gidan lamba biyar gare ta kawai, sai na shida ƙarami a ƙarshe wanda ke ƙirga kashi goma na mil. In ta kai 99,999 ta ƙara taku ɗaya sai ta koma 00,000 tas kamar yau ta fito daga kamfani, ba wanda ya taɓa ta, ba wanda ya yi maguɗi, haka anka ƙera ta. Kenan motar da ke nuna 41,000 tana iya zama 41,000 ɗin da gaske, tana iya zama 141,000 wato wajen kilomita 227,000, tana iya zama 241,000 ma. Mutane sun fi tsoron a ce an maida lamba baya, alhali mafi yawan ƙaryar da ake yi ba a ma taɓa kwanter ba, shiru kawai mai saidawa yake yi ya bar ka ka yaudari kanka.

Yi lissafi da kanka ka gani. Mota ta shekara 50, ka raba 41,000 gida 50, ya ba ka mil 820 a shekara, kilomita 1,320 kenan, wato daga nan zuwa Yamai da dawowa sau ɗaya tak a shekara, shi kenan an rufe garaji sai baɗi. A zamanin da anka saida motocin ga, mota a Amurka takan yi wajen mil 10,000 a shekara, kuma waɗanda sunka saye su samari ne masu jini a jika ba tsofaffi ba. Shekara huɗu ta ishe ta cinye 41,000. Ba na ce babu masu ƙaramar tahiya da gaske ba, akwai su, amma irin waɗannan can Amurka ma rububinsu ake a wajen gwanjo da kuɗɗi masu nauyi, da wuya ka ga an loda ta kwantena an turo ma dillali ya saida a WhatsApp.

Ban da zagayowa akwai sauran hanyoyi. Kwanter ɗin da waya take aiki, wata doguwar waya mai juyawa cikin bututu da ta taso daga wutsiyar buwat, wato akwatin giya, ta shigo bayan tablo. Ka cire ta, mota ta yi shekara biyar tana yawo lamba ba ta motsa ba. Ko wayar ta tsinke da kanta mai motar ya share. Ko a ciro tablo gaba ɗaya daga wata mota da ta yi hatsari a dasa. Ko kuma a buɗe a murza lambobin da hannu. In an murza sau da yawa za ka ga lambobin ba su zauna layi ɗaya ba, wata ta ɗan ɗaga wata ta ɗan sauka, musamman ta farko daga hagu, amma kada ka dogara da wannan kaɗai don tsufa ma na sa su karkace kuma gwani yakan jera su daidai. Ni abin da na fi dubawa shi ne kawunan kusoshin da ke riƙe da tablo, na haska fitilar waya, in na ga bakin sukudireba ya ci su ko an sa wata kusa da ba irin 'yan uwanta ba, ko na ga shatar yatsa da ƙura ta cikin gilashi, to na san an taɓa shiga. An shiga gyaran ƙwan fitila ne ko an shiga aikin assha, wannan sauran jikin motar zai faɗa.

Yanzu ga wurin da nake so ka natsu, don duk sauran bayanin a kanshi ya rataya. Tsufa daban, tahiya daban. Shekaru da rana da zafi suna cin mota ko'ina daidai wa daida, robar ƙofar dama ta bushe kamar ta hagu, tablo ya tsage, kujerar baya ta ƙone ta sama inda rana ke duka. Tahiya kuwa gefen direba take ci. Saboda haka kada ka tsaya kana cewa kujera ta tsufa, dole ta tsufa mana, shekara hamsin wasa ne? Abin da za ka yi shi ne ka gwada gefen direba da gefen fasinja, tazarar da ke tsakaninsu ita ce tahiyar. Kamar mai sayen rago ne a kasuwar dabbobi, ba ya tambayar mai shi shekarunshi, baki yake buɗewa ya duba haƙora.

Buɗe ƙofar direba rabi, ka kama ƙarshenta ta ƙasa da hannu biyu ka ɗaga sama. Ƙofofin motocin ga masu ƙofa biyu dogaye ne kuma nauyi gare su kamar ƙyauren shago, duk buɗewa da rufewa tana cin ƙusar da ke cikin maratayin. In ka ji tana ƙwas-ƙwas tana ɗagawa, je ka yi ma ta fasinja haka. In ta fasinja gam take ta direba na lilo, an buɗe ƙofar nan sau dubbai da dubbai. Duba kuma ƙarfen da ƙofar ke kamawa jikin ginshiƙi, in ya yi rami ya yi ƙyalli to ƙofar ta daɗe tana faɗowa kanshi. Daga nan ka shiga ka zauna. Ka zauna kujerar direba, ka fito ka zauna ta fasinja, ɗuwawunka za su gaya maka gaskiya, in ta direba ta lotsa ka nutse har kana jin ƙarfe, gefen da ake gogawa wajen shiga ya lanƙwashe, wannan ba aikin mil 41,000 ba ne.

Sai fedal. Robar birki da ta amburayaji in mai giyar hannu ce. A mota mai ƙaramar tahiya zanen robar na nan, sai dai gefe ɗaya ya ɗan sha. In ta cinye har ƙarfe ya leƙo ta kusurwar dama ta birki, ka ƙara 100,000 cikin ranka. Amma hwa a nan anka taɓa cin kasuwata, shi ya sa nake ja maka kunne. Shekarun baya ina sabon buɗe garaji na raka wani maƙwabcinmu sayen Fijo 504, na leƙa na ga robobin fedal sabbi ƙal, na ce mashi Alhaji saya, motar ga ba ta sha wuya ba. Wata biyu ba a yi ba inji ya fara shan mai kamar rakumi ya iske rijiya, da munka buɗe munka iske an taɓa yi mashi bori, wato faɗaɗa ramin silinda, har ya gaji. Robar fedal ta jikka nawa ce? Mai saidawa ya canza ta da safe kamin mu iso. Tun daga ran nan in na ga sabuwar roba cikin tsohuwar mota sai hankalina ya ƙara tashi, na kai hannu bayan fedal ɗin na girgiza shi hagu da dama na ji ko bushin ya cinye, na duba kafet inda diddige ke zama, na ɗaga shi ma na ga ko ƙarfen ƙasa ya yi santsi. Mai canza roba ba ya tunawa da waɗannan.

Ƙananan abubuwa ma na magana. Makullin kontak na asali in haƙoranshi sun yi sulɓi kamar tsohon dala, ramin makullin ya buɗe har makulli na rawa ciki. Bolan inda hannu ke kamawa ya goge ya yi ƙyalli, hannun giya, hannun ɗaga gilashi na direba yana juyawa sakwaf na fasinja da ƙarfi, wurin aje gwiwar hannu jikin ƙofa ya lotsa. Farabiris kuma ka tsaya gefe da hantsi ko da yamma rana na dukanshi a karkace, in ka ga ya yi tsaga-tsaga ƙanana kamar an watsa mashi gishiri, yashi da tsakuwar hanya ne na shekaru. Amma wannan in motar ta riga ta yi 'yan shekaru a ƙasarmu kada ka ba shi nauyi sosai, hunturu biyu a hanyar Dakoro ya isa ya yi ma gilashi abin da shekara goma ba ta yi ba a can. Gilasan asali suna da tambarin kamfani da 'yan haruffan kwanan wata a kusurwa, in na gefe duk iri ɗaya ne na gaba ne kawai daban, an canza shi, ba laifi ba ne amma shaida ɗaya ta ragu.

In ka gama da ciki sai a hau rami, ko a sa jak, ka shiga ƙasa da fitila. Wanda ba ya son ya ɓata shadda kada ya sayi tsohuwar mota. A motocin kamfanin GM, wato su Chevelle da GTO da Camaro, rotil na sama, wato gaɓar da ke riƙe ƙafar taya ta gaba, da ribiti anka kafe shi daga kamfani, in anka canza shi dole a sare ribitin a sa noti. To in ka iske ribiti na nan kuma rotil ɗin bai yi lilo ba, wannan shaida ce mai ƙarfi ta cewa motar ba ta yi nisa ba, in kuwa noti ne an canza, kuma ba a cika canza rotil a mil 41,000 ba. Haka kurosin kardan, wato gaɓoɓin sandar da ke kai ƙarfi daga buwat zuwa tayoyin baya, da yawa daga cikin motocin GM na lokacin da narkakkar roba anka kulle su ba da zobe ba, za ka ga ɗan tsinin roba ya leƙo ta wani ƙaramin rami, in an canza sai ka ga zobe da kan girisi. Cire tambur na birki ka duba, sau da yawa jikinshi akwai lambar iyakar faɗin da anka yarda a kai, a auna, in an sha wanke shi, wato kankare cikinshi da na'ura, har ya kusa iyaka to takalman birki nawa ya cinye kamin ya kai haka? Ka sa a juya bolan kana kallon taya, ka ga nawa yake tahiya a banza kamin taya ta motsa. Abu ɗaya cikin waɗannan ba ya yanke hukunci, amma in rotil sabo, kurosi sabo, tambur ya sha wanki, shokoba ba na asali ba, bolan na lilo, kai ma ka san amsar.

Taya kuwa mutane na yawan ruɗewa da ita. Motocin ga da tayoyin zamanin da sunka fito, irin su Goodyear Polyglas da Firestone Wide Oval, ba radiyal ba, kuma ba su da tsawon rai, ballantana ƙarƙashin inji mai wannan ƙarfi. Saboda haka ba za ka iske na asali a ƙasa ba, sai dai safaya cikin but. Ita za ka duba, in ta asali ce ba ta taɓa taka ƙasa ba alama ce mai kyau amma ba hujja ba. Na ƙasan kuma karanta lambar DOT a gefensu, in lambobin ƙarshe huɗu ne kamar 2318 to sati na 23 na 2018 kenan, in uku ne kamar 238 an yi ta kamin shekarar 2000, sati na 23 na wata shekara mai ƙarewa da 8. Amfanin wannan shi ne in tayar ta shekara talatin ce kuma zanenta bai cinye ba, ka san motar ta daɗe a aje da gaske, aƙalla rabin labarin tsoho ya tabbata. Sai dai ko kusa kada ka hau titi da irin wannan taya.

Inji shi ne mai dogon bayani amma zan taƙaita. Ka ce kada a tada shi kamin ka zo, ka taɓa shi da hannu ka tabbata da sanyinshi. In an tada ya tsillo hayaƙi shuɗi na ɗan lokaci ya ɗauke, robobin bawul ne, tsufa kaɗai na iya jawo wannan. In hayaƙin bai ɗauke ba, ka buɗe murfin mai ka ga yana huci kamar tukunyar tuwo, ringi ne sun gaji, wannan tahiya ce. A cire buji takwas ɗin a jera su bisa kwali yadda sunka fito, a auna kwamfureshan na kowace silinda, bai kamata tazarar babba da ƙarama ta wuce kashi 10 cikin 100 ba. Yanzu akwai 'yar kyamara mai waya da ake haɗawa da salula, ba ta da tsada, ka zura ta ramin buji ka ga bangon silinda, in zanen gicciye na kamfani na nan to da saura, in ya yi sumul kamar madubi kuma akwai gaɓa a sama inda ringi ke tsayawa to ya yi aiki ba kaɗan ba. Ka duba kan fiston ma, in ka ga an buga 030 an taɓa yi mashi bori kenan, inji mai mil 41,000 mi ya kai shi bori? Wani abu kuma, da yawa daga injunan lokacin haƙoran giyar sarƙar tayimin ɗinsu da roba anka lulluɓe don rage ƙara, na Pontiac sun yi suna a kan haka, robar kan farfashe sau da yawa kamin a kai mil 100,000. In an taɓa buɗe murfin gaba, ka ga gam na zamani ya tsattsafo gefe, wataƙila aikin da anka yi kenan. A Chevrolet kuma akwai wani ɗan fili a gaban inji gefen fasinja inda ake buga lambobi, in fili ya yi fes babu komi wataƙila an kankare saman bulok da na'ura, in kuma lambar ba ta dace da ta shasi ba to injin ma ba nata ba ne, kwanter na ƙirga tahiyar jiki ne, injin kuwa Allah kaɗai ya san inda ya yi yawo.

Sai gwajin hanya, wanda ba ya cin ko dala. Buɗe GPS na waya, ka rubuta lambar kwanter har da ƙaramar ta ƙarshe, ku kama hanyar Tibiri ko ta Cadawa ku yi kilomita 10 cif. Ya kamata kwanter ta ƙara mil 6.2. In ba ta motsa ba magana ta ƙare, ba wanda ya san tun yaushe ta tsaya. In ta ƙara fiye ko ƙasa da haka sosai, an canza girman taya ko giyar fon ɗin baya, wato wadda ke juya tayoyin baya, ba a canza 'yar giyar da ke juya wayar kwanter ba. Samarin Amurka sun yi wannan ba adadi don mota ta fizga da ƙarfi, misali a cire giyar fon mai lamba 3.31 a sa mai 4.10, to daga ran nan duk mil 100 da ta yi kwanter za ta rubuta 124. Wannan ma labari ne, don motar da anka sa ma irin wannan giya tsere anka yi da ita. Tserensu kuma na kwata mil ne, mita 402, a take ta har ƙasa daga tsaye. Mota na iya yin shekara biyar a haka kwanter ba ta ƙara mil dubu biyu ba amma inji da buwat da fon sun ga tashin kiyama. In ka ga ramukan da anka toshe a ƙasan mota, ko an taɓa yanka bakin mudgad na baya don babbar taya ta shiga, ko walda inda ƙafafun fon ke kamawa, to ƙaramar lamba ba abin murna ba ce.

Na bar takardu a ƙarshe da gangan duk da su ne sunka fi komi, saboda mutanenmu na ganin takarda mai tambarin Amurka sai jiki ya mutu. Ka san wannan: lambar shasi mai gida 17 daga 1981 ta fara, na Chevelle ta 1970 gida 13 ce, kuma Carfax da ake duba tarihin tokumbo da shi ba ya karɓar lambar da ba ta kai 17 ba. Duk wanda ya turo maka rahoton Carfax na motar 1970 ka san da wa kake ciniki. Amurka ta yi dokar hana taɓa kwanter a 1972 ta ƙara ƙarfafa ta a 1986, amma tsofaffin motoci an ɗauke masu wajibcin rubuta tahiya in za a saida, shi ya sa a takardar mallaka wurin lamba sau da yawa za ka ga an rubuta EXEMPT kawai, ma'ana ba a tambaya ba. In ka ga TMU cikin talla, cewa suke ba a san gaskiyar tahiyar ba, kuma wallahi mai rubuta haka ya fi man mai labarin tsoho. Akwai kuma takardun asali da masu sha'awa ke ji da su, takardar haɗa mota da ake iskewa maƙale ƙarƙashin kujera, ɗan farantin garanti na GM da ake ce ma Protect-O-Plate, rahoton Marti na motocin Ford daga 1967, da na PHS na Pontiac. Duk suna da amfani, suna gaya maka da wane inji da wane fenti ta fito, amma ba ɗaya cikinsu da ke faɗin mil nawa ta yi bayan ta bar shago. Kartigiris da takardun duwan na nan gida ma haka, abin da anka gani a kwanter ko anka faɗa shi ake rubutawa in ma an rubuta.

Takardar da ke da amfani ita ce mai ƙazanta, rasit na juyen mai, na sayen taya, na gyaran birki, na bizit, kowace da kwanan wata da lambar kwanter, ka jera su bisa tabarma daga tsohuwa zuwa sabuwa ka ga lamba na hawa a hankali ba ta taɓa komawa baya ba kuma babu ramin shekara goma a tsakiya. Sai 'yan takardun da masu juyen mai ke liƙawa jikin ginshiƙin ƙofar direba ko cikin akwatin tablo ko ƙarƙashin kafo, waɗannan masu wanke mota don kasuwa kan manta da su.

In kuwa motar an yi mata gyaran gaba ɗaya, sabon fenti, sabbin kujeru, sabon kafet, sabbin rotil, inji an kwance an ɗaure, to duk shaidun da na lissafa an share su, har kwanter wasu kan maida ta sifili. A nan bar wahalar da kanka da tambayar mil nawa, tambayi wa ya yi aikin, yaushe, ina rasit da hotunan aikin, mil nawa ta yi tun bayan nan. Kuma gaskiya ni in don hawa ne na fi son mai 141,000 da ake tadawa kowane sati ana juye mata mai bisa ga mai 41,000 da ta shekara ashirin a tsaye, don ita wannan duk robobinta sun bushe, tanki ya yi tsatsa, birki ya kama, ranar da ka fara hawanta ranar za ta fara zubar da mai ta ko'ina, kuma kayanta ba a kasuwar Maradi suke ba balle ka aiki yaro da kabu-kabu ya sawo.

Shi ƙanen abokin nan nawa mai son Chevelle, tunda motar na Lome ba mu da halin taɓawa, na ce ya sa dillalin ya yi muna bidiyo ba yankewa, ya ɗaga ƙofa muna gani, ya nuna fedal da kafet, ya zagayo da kyamara a hankali jikin ginshiƙin ƙofar direba daga sama har ƙasa. Sai da ya yi kwana biyu yana ce muna rezo babu kyau sannan ya turo. Ƙofa dai ta ɗaga kusan yatsa guda. Can ƙasa kusa da maratayi kuma sai ga wata 'yar takarda da ta koma ruwan ƙasa, rabinta fenti ya rufe, munka tsaida bidiyon munka ja hoton da yatsa biyu, rubutun biro ne ya kusa gogewa, kwanan watan bai karantuwa amma lambar ta fito, 87 ne a gaba sai lamba uku a baya. Yaro ya dube ni ya ce "Yaya kenan 141,000 ce?" Na ce aƙalla, ƙanena, aƙalla.

Na ce mashi in har yanzu ranshi na so ba laifi, motar ba ta yi muni ba, amma ya taya ta da kuɗɗin mai 141,000, a rubuta cikin takardar ciniki cewa kwanter ta zagayo kuma ba a san adadin ba, kuma kada ya tura ko jikka ɗaya sai ya biya ma wani makanike na can da ba ruwanshi da dillalin ya shiga ƙarƙashinta ya auna kwamfureshan ya turo muna hoton buji takwas a jere. Ya tura ma dillalin saƙon tun ran Talata, alamar shuɗi biyu ta nuna ya karanta, har yau muna jiran amsa.